Shelar da Ban Warware Ba

Kwanakin baya samarin ƙungiyar garinmu suka zo zaurena, wai suna haɗa ɗan littafin tarihin ƙungiya, suna so in rubuta musu yadda aikin shela yake a zamaninmu. Ɗaya daga cikinsu, jikan maƙwabcina, ya ɗaga kai ya ga tsohuwar lasifikata rataye a bango, ya yi dariya ya ce, "Baba Haladu, ai wannan ba sana'a ba ce, ihu ne a kan keke. Mu yanzu in za a yi taro, kafin ka ƙifta ido mun tura wa kowa a waya." Na ce su je zan rubuta. To ga shi na rubuta, da hannun da ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilcin da ni na yi shelar buɗe shi. In kun ga layin ya karkace ku yi haƙuri, mai ihu ne ya rubuta.

Aikin farko da aka sake mini shi ne cigiyar tunkiya. A lokacin ina bin Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, wanda shi ne sanƙiran mai gari. Ba shi da lasifika, daga muryarsa sai 'yar ganga da yake bugawa sau uku kafin ya buɗe baki. Na yi wata biyar ina tafiya a bayansa ban ce uffan ba. Ran nan tunkiyar wata tsohuwa ta ɓata, ya ce in gwada. Na tsaya a bakin rijiya na cika ƙirji na zuba magana kamar ana kora ta: tunkiya fara, mai baƙin kunne, da igiya a wuya, ta gidan wance, duk a numfashi ɗaya. Na juyo ina jiran yabo. Kawu ya kira wata mata da ke jan ruwa taku goma daga inda na tsaya, ya ce, "Baiwar Allah, me yaron nan ya ce?" Ta ce, "Wallahi na ji dai an ce igiya."

A ranar ya fara koya mini. Ba a fuskantar iska, bayanka za ka ba ta ta ɗaukar maka muryar. Ba a fara magana sai an ji tabarya ta tsaya a gidajen kusa, don matan da ke cikin gida su ne rabin masu sauraro, kuma su ne ke tuna wa maza. Abu uku kawai shela take ɗauka, mene ne, a ina, yaushe, sai ka maimaita sau uku, na ukun a hankali kamar kana yi wa kurma. In ka zo kusa da makarantar allo ana karatu, ko ladan ya tashi, ka haɗiye maganarka ko da a tsakiyar kalma kake. Ba ka faɗin abin da ba daga bakin mai abu ka ji ba. Kuma ba a shan ruwan randa bayan shela, sai mai ɗumi da citta da kanumfari. Wannan na ƙarshen na raina shi, sai da na yi kwana huɗu ina magana kamar ɗan tsako.

Akwai wata igiyar kaba da ba ta rabuwa da wuyan hannunsa. Wurin tsayawarmu bakwai ne: ƙofar mai gari, bakin rijiya, bakin kasuwa, tsamiyar mahauta, unguwar malamai, gindin rimi a kan hanyar gonaki, sai na bakwai Kwarin Ɗinya, wani ƙauye ne a ƙetaren babban kanal. Duk inda ya yi shela sai ya ƙulla ƙulli ɗaya. In ranar abu ta zo aka yi, ya kwance duka ya huta. In kuwa aka fasa ko aka ɗaga, sai ya koma kowane wuri da ƙafarsa, ya tsaya daidai inda ya tsaya, ya ce an warware, sannan ya kwance ƙullin wurin. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai sai a ba wani saƙo." Ya tsaya cak a hanya ya dube ni, ya ce, "Haladu, saƙo daban, shela daban. Mutane ba taron suka gaskata ba, bakinka suka gaskata. Bakin da ya ɗaure, shi ke kwancewa." Da ƙarfinsa ya ƙare ya miƙa mini gangar da igiyar tare.

Lasifikar ta zo ne a farkon shekarun tamanin, lokacin da ƙungiyar taimakon kai da kai ta garinmu ta kafu. Mambobi suka haɗa hannu aka sayo ta a Kano, da amfilifaya mai ƙara mata murya, da batirin mota. Maƙeri ya yi mini mazauni a bayan keke inda batirin zai zauna, lasifikar kuma a ɗaure a gaba tana kallon sama kaɗan. Wanda bai tuƙa keke da batirin mota a kan gaɓar kanal ba, bai san tsoro ba. Hagu ruwa, dama komayen shukar mutane, ka ɗan karkata ruwan batir ya zubo ya ci maka wando. Wanduna uku na rasa a shekarar farko, har uwargida ta ce ko dai in bar sana'ar ko in riƙa ɗaura buhu. Duk kwana huɗu sai na kai shi caji Kura. In abin magana ya matso kusa da bakin lasifika sai ta yi wata ƙara da ke tayar da jakuna. Duk wannan sai da na koye shi ni kaɗai, don Kawu ya ce shi bai san muryar ƙarfe ba.

Ranar da na yi shelar buɗe ajin yaƙi da jahilci ba zan manta ba. Malam Sani ne ya kawo ta, malamin firamare ne da aka turo mana daga wajen Kumbotso, shi ne kuma sakataren ƙungiya. Ya miƙo mini takarda cike da rubutu. Na ce, "Malam, da na iya karanta wannan ai da ba ni za a buɗe wa ajin ba." Ya yi dariya ya karanta mini. Na zubar da duk turancin da ke ciki, na ce wa jama'a duk wanda ya gaji da kai wasiƙar ɗansa wani ya karanta masa, ya zo harabar firamare bayan la'asar, allo da alli kyauta. Dattawa suka cika benci. Ni ma na jingine kekena na zauna a layin baya.

Daga nan aiki ya buɗe. Malamar da ke koya wa mata ɗinki da saƙa ta zo. Malaman gona in za su kawo majigi su nuna yadda ake dashen tumatir, ni ne. Allurar yara, ni ne. Gayyar yashe ƙananan magudanai kafin a saki ruwa, ni ne, kuma shelar gayya ba a karɓar komai a kanta. Samari suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, suna yin wasa a filin kasuwa ranar da ba ta ci, da zannuwan iyayensu mata a matsayin labule. Akwai wanda yake fitowa a dillalin tumatir, in ya fara taya kwando sai ka ga manoma suna dariya har da hawaye, wasu kuma suna zaginsa da gaske.

Abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba shi ne, kafin ruwan Tiga ya iso mana, rani lokacin hutu ne. A rani ake kokawa, a rani ake gini, a rani makaɗa ke yawo. Da kanal ya zo sai rani ya zama wata damina. Alhamdu lillahi mun ci alkama, mun ci tumatir da albasa, amma lokaci ya yi tsada. Kowane yanki da ranar ruwansa, ranar nan ko bikin ɗanka ake yi kana gona. Saboda haka mai shela dole ya haddace ranakun ruwan kowa kamar Fatiha. In ka kira taro ranar ruwan mutane, kai da kekenka za ku zauna.

Gini mafi girma da ƙungiya ta taɓa ɗauka shi ne ɗakin taro. Malam Sani ya gaji da aron ajin yara, 'yan wasa sun gaji da iska tana kwashe musu labule. Mai gari ya ba da fili gabas da kasuwa. Aka yi gayyar tubali, aka yi gayyar kwaɓa, bango ya tashi har kafaɗar mutum. Kwano ya fi ƙarfinmu, sai aka ce a yi rufin ƙasa irin na da, da bakan gizo, wato ginshiƙan nan masu lanƙwasa da ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya su riƙe rufi ba tare da an kafa komai a tsakar ɗaki ba. A duk yankinmu mutum ɗaya ya rage da ya iya shi, Malam Garba Magini na Kwarin Ɗinya. Dattijo ne siriri, ba ya son surutu. Da aka je masa ya ce ba ya son lada, sharaɗinsa ɗaya, a ba shi samari su tsaya kusa da shi su gani. Ya ce, "Duk wanda na koya wa ya koma bulo da siminti. Ba na so in tafi da shi kabari." Ya kuma gargaɗe mu cewa bakan gizo ba ya son gaggawa. Ana ɗora azara a shafe ta da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ƙara wata a kanta. In ba a fara da wuri ba damina za ta riske mu.

Wannan kuwa ya faɗo a mummunar shekara, ranin da ya biyo bayan farin nan, lokacin da soja suka karɓi mulki. Gero bai yi ba, dawa ba ta yi ba, kowa ya zuba ido ga alkamar rani. Ruwan kanal ya ja baya, aka tsaurara rabo. Wanda ya bar ranarsa ta wuce, sai zagaye ya dawo, kuma ba wanda zai rantse maka yaushe.

Ranar wata Litinin Malam Sani ya ce mini azara tana hanya daga kudu, in kira gayyar fara rufi ranar Asabar, bayan la'asar kuma 'yan wasa za su yi wa ma'aikata wasa. Na zaga wurare shida, na ƙetare gada na isa Kwarin Ɗinya da hantsi. Na tsaya a gindin ɗinyar da ke tsakiyar ƙauyen, na buga ganga, na ce, "Jama'a a saurara, mai gari yana gaishe ku!" Na faɗi sau uku, na ƙulla ƙulli na bakwai. Ina shirin hawa keke sai Malam Garba ya taso daga kan tabarma, ƙanensa Audu na biye da shi.

Ya ce, "Haladu, Asabar ɗin nan tabbas ce?"

Na ce, "Tabbas, Malam. Daga bakin sakatare na ji."

Audu ya ce, "Yaya, Asabar fa ranar ruwanmu ce, ga alkama ta ɗauki ciki."

Malam Garba ya dubi ƙanensa. Ya ce, "In muka jira Asabar ɗin da ba ta kowa ba ce, sai damina. Sau ɗaya ne, za ta jure in Allah ya so. Da na aza harsashin baka, sauran ni da samarin gari mun isa." Ya juyo gare ni ya ce, "Muna zuwa da mutanenmu gaba ɗaya."

Na san ranar ruwansu ce tun kafin Audu ya faɗa. Ina so ku riƙe wannan.

Laraba da azahar Malam Sani ya same ni a gida yana gumi. Motar azara ta lalace a hanyar Zariya, ba za ta iso ba sai wani mako. Ya ce, "Don Allah a warware, musamman mutanen ƙetare." Na ce ya ɗauka an gama. Da na bi hankali, da Kwarin Ɗinya na fara, tunda su ne masu abin asara. Amma na bi yadda ƙafa ta saba, daga ƙofar mai gari. Na kwance ɗaya, biyu, har shida. A gindin rimi murya ta fara shaƙewa a lasifika, batir ya mutu. Rana ta yi sanyi, gada da nisa. Na ce gobe.

Gobe Alhamis, ranar ruwana ce. Ina da 'yan komayen tumatir da suka fara fure, tun sassafe ina cikin taɓo har la'asar sakaliya. Na ce gobe. Juma'a na ɗora batir na kai Kura caji. Bayan an sauko daga masallaci na haɗu da wani direba mai ɗaukar kwandunan tumatir daga ƙetare, na ce, "In ka shiga Kwarin Ɗinya ka gaya wa Malam Garba an ɗaga gayya." Ya ce to, yana ƙoƙarin tayar da mota. Na dawo gida da sauran rana, ga keke, ga maƙogwaro lafiya lau, wanda Kawu ya yi shekara da shekaru yana aiki da irinsa ba batir. Na zauna a ƙofar gida na miƙe ƙafa. A daidai lokacin mutanen Kwarin Ɗinya suna gaya wa mai buɗe ruwa ya wuce da rabonsu ga yankin gaba.

Asabar da hantsi ina cire ciyawa a gona sai na ji gangar noma daga wajen gada. Na hau keke na nufi filin gini. Na tarar da su sun fi ashirin, da fatanya da daro da tsani, har da mata biyu da suka ɗauko ƙwaryar fura. Sun tsaya a gaban bango, ba kowa sai awaki. Malam Sani ma ba ya gari, ya bi sawun mota. Mai ganga ya sauke hannu.

Audu ya tare ni. "Haladu, ina jama'a?"

Na ce, "An ɗaga. Azara ba ta iso ba."

"Yaushe aka ɗaga?"

A nan ne na yi abin da ya fi rashin zuwan muni. Na kaɗa kai na ce, "Ai ka san aikin 'yan boko, yau su ce kaza gobe su ce kaza." Ban yi ƙarya da baki ba, amma kowa ya fahimci abin da nake so ya fahimta. Nan take aka hau zagin Malam Sani, wani ya ce baƙo ne, bai san zafin noma ba. Malam Garba kuwa idonsa na kan hannun kekena, inda igiyar kaba take reto, shida a kwance, ɗaya a ɗaure. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce wa mutanensa, "Mu koma."

Ruwansu bai dawo da wuri ba. Alkamar ta tsaya, ta yi zangarniya, amma ƙwayar ta motse kamar ta tsuntsaye. Gidaje da yawa a ƙetare sun ci wuya a bazarar nan. Dattawansu biyar da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci suka daina. Malam Sani ya ji abin da ake faɗa a kansa, kuma ya san wanda ya jawo, amma bai tona ni ba. Da azara ta iso ya same ni ya ce, "Malam Haladu, ni ba sa son ganina. Kai ka je ka roƙi dattijon nan." Na kasa haɗa ido da shi.

Na sami Malam Garba a gonarsa yana murza zangarniya a tafin hannu yana hurawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce azara ta zo.

Ya ce, "Na ga igiyar, Haladu. Ni da Ilu a makarantar allo ɗaya muka tashi, na san abin da ƙulli yake nufi."

Na ce, "Malam, na ba da saƙo."

Ya ce, "Saƙo." Ya kaɗe hannunsa. "Ni ban riƙe ka ba, abin da Allah ya rubuta mana a alkamar nan shi muka samu. Amma mutanena ba za su sake bina ba, kuma suna zagin bawan Allah da bai ci musu komai ba. A wurinmu shelarka tana nan a ɗaure. Ka zo gindin ɗinya da ƙarfen nan naka, ka warware ta da bakinka, ka faɗi ranar da aka gaya maka. Sannan ka ɗaura sabuwa. In ka yi haka, ko mutum uku ne suka biyo ni zan zo."

Na ce in sha Allahu jibi.

Sau uku ina ɗaura batir da niyyar zuwa. Na farko na ce iska ta yi yawa. Na biyu aka kawo mini shelar kokawa na ce ita ta fi gaggawa. Na uku har na hau gada, na hango ɗinyar da mutane zaune a ƙarƙashinta, sai na tsaya. Na riƙa raya wa kaina cewa mai shelar da ya yi shelar laifinsa da lasifika ya gama yawo, wa zai sake yarda da shi? Na juya keke. Yau da na tsufa na san abin da zai faru da na ƙarasa: Audu zai zage ni, samari su yi mini dariyar mako biyu, a wuce wurin. Kunyar mako biyu na guje wa.

Kuma abin da na ɓoye bai ɓoyu ba. Direban nan da kansa ya ba da labari a wurin lodi, yana dariya, wai an ba shi saƙo ran Juma'a ya manta. Kafin a girbe albasa kowa ya sani. Daga nan duk lokacin da aiki ya tilasta mini ƙetarewa, a bakin gada nake tsayawa in juya lasifika wajensu, ba na isa gindin ɗinya. In na gama sai in ji wani daga cikin gona ya ɗaga murya, "Haladu, ta yau ta gaske ce ko ta Asabar ce?"

Ruwan farko ya zo da iska daga gabas. Bangon da ba rufi ya sha, ya sake sha, a mako na uku kusurwar gabas ta zauna. Kafin kaka ɗakin taro ya koma tudun ƙasa, yara na hawa. Azara ta yi shekara a jingine a bayan gidan mai gari, gara ta ci rabi, sauran aka yi rumfar albasa. Ajin ya ci gaba a aron ɗakin yara har aka yi wa Malam Sani canjin wurin aiki, daga nan ya mutu a tsaye. Ranar da zai tafi na taya shi ɗaura kaya a mota, na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji ina cewa Allah ya kiyaye hanya. 'Yan wasa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Samarin da aka zaɓa su tsaya kusa da Malam Garba ba wanda ya taɓa ganin yadda ake aza baka. Da bakan tsohon masallacinmu ya tsage, rushe shi aka yi aka sa kwano, don ba mai gyarawa. Ban ce ni kaɗai na kashe duk wannan ba, shekarun ma sun yi nasu. Amma na san inda zaren ya fara warwarewa, kuma har yau in na wuce gabas da kasuwa sai na ji ɗaci a raina.

Na ci gaba da shela, ban rasa aiki ba. Na sayi sabuwar igiya, tsohuwar na ɗaure ta a wuyan lasifika. Tun daga shekarar, in aka fasa abu, daga wuri mafi nisa nake fara warwarewa, ko ruwana ne ranar. Mutane har yabona suke yi a kan haka, ba su san kuɗin makarantar da wasu suka biya mini ba.

Bayan damina huɗu, wata safiya Audu ya yi sallama a ƙofar gidana. Rabon da ya yi mini magana tun ranar Asabar ɗin nan. Ya ce Yaya ya cika da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar, a sanar. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "Ni za ku ba?" Ya ce, "Akwai wani mai shelar ne?"

Na zaga gari, na ƙetare gada, wannan karon ban tsaya a bakinta ba. Na tura keke har gindin ɗinya. Mutane sun cika, sun riga sun sani, amma ƙa'ida ce, na buga ganga na faɗi rasuwa sau uku. Ba wanda ya tambaye ni ko ta gaske ce. Na gama, hannuna na kan abin kashewa, sai na ga tabarmar da Malam Garba yake zama a naɗe a jingine da itacen. Ban kashe ba. Na ce, "Jama'a a saurara. Gayyar rufin ɗakin taro da na kira ranar Asabar, an ɗaga ta. Ranar Laraba Malam Sani ya gaya mini. Ni Haladu ne ban zo ba."

Yaran da ke wurin suka dubi juna, ba su san gayyar da nake nufi ba. Manya suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage ni. Audu ya matso, ya sa hannu ya kashe mini amfilifayar da kansa, ya ce a hankali, "Mun ji, Haladu. Amma mai jiran ta ga shi can an yi masa wanka."

Da na koma gida na ciro tsohuwar igiyar zan kwance. Damina huɗu da rani huɗu sun bi ta kanta, ƙullin ya ƙame kamar tsakuwa. Na gwada da farce, na gwada da haƙori. Uwargida ta miƙo mini wuƙa, na ce ta mayar.

To jikan maƙwabcina, kai da ka ce kafin a ƙifta ido ka tura wa kowa, na yarda, ka fi ni sauri. Abin da nake tambaya, in an fasa, wa ke komawa ya tabbatar na ƙetaren gada ya ji kafin ya saki ruwansa? In kun zo karɓar takardar nan ka ɗaga kai ka sake duban lasifikar da ta ba ka dariya. Igiyar tana wuyanta. Ka taɓa ƙullin in kana so, amma kada ka ja.